AFENZEL: ƘASAR MASU MAGANI DA GISHIRI YA RABA DA MAƘOƘO

Matafiyin da ya tashi daga birnin Zurik na ƙasar Suwizalan cikin jirgin ƙasa, ya nufi gabas, ba zai yi tafiyar da ta wuce ta sa'a guda ba sai ya ga ƙasa ta soma hawa da sauka. A tashar Gossau akan sauka daga babban jirgi a shiga wani ƙarami, ja, wanda ke bin kwazazzabai yana hawan tudu sannu a hankali har ya kai mutum garin Herisau. Nan ne ƙofar yankin da ake kira Afenzel, wanda ke kusurwar arewa maso gabas ta ƙasar, kusa da iyakar Jamus da Ostiriya.

Abin da ido ke fara cin karo da shi a wannan yanki shi ne ciyawa. Tuddai ne kore shar, ɗaya na bin ɗaya, kuma bisa kowane tudu ga gidan katako shi kaɗai, da jerin tagogi a gabansa, da garken shanu manne da shi ta gefe. Can kudu dutsen Santis ya tsaya ƙiƙam, tsawonsa mita 2,502, kansa fari fat da dusar ƙanƙara cikin yawancin watannin shekara. Mutanen wurin makiyaya ne tun kaka da kakanni. In bazara ta kama sukan kora dabbobi zuwa makiyayar kan dutse, fararen awaki a gaba, sa'an nan shanu uku masu manyan ƙararrawa a wuya, makiyaya na biye cikin wanduna rawaya da jajayen falmaran. Bafillacen da ya ga wannan tashi ba ya bukatar tafinta. Cukun da suke yi ma ya yi suna a Turai, kuma ana shafe shi da wani jiƙon tsirrai wanda har yau ba su yarda sun faɗa wa kowa abin da ke cikinsa ba.

Tun shekarar 1597 yankin ya rabu gida biyu saboda saɓanin ɗarikun addinin Kirista. Akwai Afenzel ta Ciki, akwai kuma Afenzel ta Waje, kowace da gwamnatinta. Labarin nan na ta Waje ne, wadda mutanenta ba su kai dubu 60 ba, kuma ma'aikatun gwamnatinta suna Herisau.

Ƙasar masu magani

Baƙon da ya kwana biyu a Afenzel ta Waje zai lura da wani abu a ƙofofin gidaje, watau allunan masu maganin gargajiya. Wannan yana da asali. A shekarar 1871 mazan jihar suka taru a dandali, kamar yadda al'adarsu take a wancan zamani, suka ɗaga hannu suka amince cewa kowa yana da izinin yi wa mutane magani ko da bai yi karatun likita ba. Yawancin jihohin Suwizalan ba su yarda da haka ba, saboda haka masu saiwoyi da ganyaye suka yi ta ƙaura zuwa wannan 'yar jiha, marasa lafiya kuma suka bi su daga nesa da kusa. Tun kafin wannan ma, cikin ƙarni na 18, masu hali daga ƙasashen Turai sukan zo garin Gais shan ruwan da ake tacewa daga cuku, suna neman lafiya.

Wanda ya fi shahara cikin masu maganin nan shi ne Alfred Vogel, wanda aka haifa a 1902 ya rasu a 1996. Ya zauna a garin Toifen, ya buɗe gidan jinya da lambun tsirrai, ya kuma rubuta littafin magungunan gida da aka fassara cikin harsuna da yawa. Har yanzu baƙi na zuwa Toifen kallon lambun, inda kowane tsiro ke da sunansa a rubuce. A yau dai doka ta canja, sai mutum ya sami izinin hukuma kafin ya kafa allo. Amma ƙaunar maganin tsirrai ba ta ragu a ƙasar ba, domin a ƙuri'ar jin ra'ayi ta shekarar 2009 kashi 67 cikin 100 na masu zaɓen Suwizalan sun yarda a ba irin wannan magani matsayi cikin tsarin mulki.

To, sai dai duk da wannan arzikin ganye da saiwa, akwai wata cuta da ta gagari masu maganin Afenzel shekara da shekaru. Ita ce maƙoƙo.

Cutar da ta gagara

Shekaru 100 da 'yan kai da suka wuce, maƙoƙo ya zama ruwan dare a Suwizalan. A wasu ƙauyuka yawancin 'yan makaranta suna da kumburin wuya, kuma kowace shekara akan mayar da samari masu yawa gida daga wurin ɗaukar soja saboda shi. Abin da ya fi wannan muni shi ne 'ya'yan da ake haifa da nakasa: ba sa tsawo, ba sa ji, ba sa magana sosai, hankalinsu kuma ba ya cika. An gina gidajen kurame da na naƙasassu, an zargi ruwan sha, an zargi iska, an zargi auren zumunci, wasu kuma suka ce ƙwayar cuta ce.

Domin mai karatu ya fahimci abin da ke faruwa, sai ya taɓa gaban wuyansa, ƙasa da maƙogwaro kaɗan. A nan akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, nauyinta bai fi giram 20 ba, likitoci na kiranta tayirod. Aikinta shi ne haɗa wani sinadari da ke shiga jini ya daidaita saurin aikin jiki duka: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, da girman ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Ba ta iya haɗa wannan sinadari sai da aidin, irin wanda aka sani a asibiti ana shafawa a ciwo, amma ɗan mitsitsi ƙwarai. Abin da baligi ke bukata a rana shi ne maikirogiram 150, mace mai ciki kuwa 250, kuma maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Duk aidin da mutum zai bukata tun daga haihuwa har tsufa bai cika cokalin shayi ba. In aka rasa shi, ƙwaƙwalwa takan yi ta aiko da saƙo tana matsa wa tsokar lamba, ita kuma ta yi ta kumbura don neman abin da babu. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo.

Ma'ajiyar aidin a duniya ita ce teku. Suwizalan kuwa ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya, ga shi kuma manyan tsaunukan ƙanƙara na zamanin da sun kankare ƙasarta ta sama, ruwa ya wanke saura. Saboda haka ciyawar nan mai ban sha'awa ba ta da isasshen aidin, nonon shanun da suka ci ta ba shi da shi, haka nan ganyen da mai magani ya tsinko a kan tudu. Tsiro ba ya ba da abin da bai samu a ƙasa ba. Wannan ne dalilin da ya sa jiƙo da tsimi na dukan Afenzel suka kasa.

Gaskiya ne akwai tsiron da ya taɓa yin amfani. Tun zamanin da, masu magani a ƙasar Sin suna ba mai maƙoƙo ciyawar teku, a Turai kuma ana ba shi tokar soson teku, ba tare da sun san sirrin ba. Sai a 1811 wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya gano aidin cikin tokar ciyawar teku. A 1820 wani likitan birnin Janiba, Jean-François Coindet, ya soma ba masu maƙoƙo ɗigon aidin, wuya kuwa ya saɓe. Jin haka sai mutane suka yi ta ɗirkar maganin ba awo, wasu suka kama rawar jiki da bugun zuciya da rama. Daga nan tsoron aidin ya shiga zukatan likitocin ƙasar har kusan shekara ɗari. Aka koma ga wuƙa. Theodor Kocher na birnin Ban ya ƙware wajen fiɗar maƙoƙo har ya sami lambar Nobel a 1909, amma shi da kansa ya ba da labari a 1883 cewa waɗanda aka cire musu tsokar gaba ɗaya sukan koma masu sanyin jiki da nauyin tunani da kumburin fuska.

Likitan Herisau

Waɗanda suka warware matsalar likitocin karkara ne guda uku. Heinrich Hunziker na garin Adliswil ya kafa hujja cewa maƙoƙo yunwar aidin ce kawai, kuma ɗan kaɗan ake bukata kullum. Otto Bayard, wanda ke aiki a wani kwari na jihar Wallis, ya gauraya aidin da gishiri a 1918, ya raba wa 'yan iyalai a wani ƙauye, cikin watanni kaɗan wuyan 'ya'yansu ya sauka, ba wanda ya cutu. Na ukunsu shi ne Hans Eggenberger, babban likitan asibitin Herisau.

Eggenberger ya san mutanensa. Ya san Ba'afenzele ba ya son hukuma ta tilasta masa kome, balle abin da zai sa a bakinsa. Sayar da gishiri kuwa a lokacin yana hannun gwamnatin jiha, ba mai iya canja shi sai da yardarta. Saboda haka a farkon shekarar 1922, cikin tsananin hunturu, ya shiga bin garuruwa da maraice bayan ya tashi daga aiki, yana tara mutane yana haska musu hotuna a bango, yana yi musu bayani da harshen da suke ji, da raha da misalai. Bai kira abin magani ba. Ya raɗa masa suna cikakken gishiri, watau gishirin da aka mayar masa da abin da ya rasa. Cikin 'yan makonni dubban mutane suka sa hannu a takardar roƙo, a watan Fabrairu gwamnati ta ba da izini. Ta haka Afenzel ta Waje, matattarar masu ganye, ta zama jiha ta farko a Suwizalan da ta sa gishiri mai aidin a kantuna.

Awon da aka fara da shi a ƙasar ƙanƙane ne, miligiram 3.75 cikin kowane kilo na gishiri. Duk da haka, ba a daɗe ba aka daina ganin jarirai masu kumburin wuya a asibitin Herisau. Sauran jihohi suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe a 1952. Masu bincike ba su sami wani yaro da aka haifa da waccan nakasa ta rashin aidin bayan shekarar 1930 ba. An yi ta ƙara awon a hankali, ana dubawa ana aunawa: 7.5 a 1962, 15 a 1980, 20 a 1998, sa'an nan 25 a 2014. Har yau ba a tilasta wa kowa ba, domin gishiri iri biyu ne a kanti, mai aidin da maras shi. Wanda ya zaga kasuwar Herisau yanzu zai ga tsofaffi da yara da wuya sumul, kuma da yawa cikin matasan garin ba su taɓa ganin maƙoƙo da idonsu ba.

Ragowar aiki

Korar maƙoƙo ba ta kawo ƙarshen ciwon tayirod ba. A Afenzel, kamar a Kano ko Ikko, har yanzu akwai mutanen da tsokar nan ke yi musu sanyin aiki, kuma mata sun fi yawa cikinsu. Alamunsa suna shigowa a ɓoye: kasala wadda barci ba ya kawar da ita, jin sanyi alhali kowa na gumi, ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, bushewar fata, zubar gashi, taurin bayan gida, mantuwa, disashewar murya, rikicewar al'ada, da wuyar samun ciki ko yawan ɓari. A ƙasashen da gishirinsu ke da aidin, babban dalilin wannan shi ne cutar da wani likitan Japan, Hakaru Hashimoto, ya bayyana a 1912, inda garkuwar jiki ke juyowa ta riƙa cin tsokar har ta gaji. Wasu kuma sukan same shi bayan fiɗa, ko bayan haihuwa.

Mai irin wannan ciwo masaƙarsa ce ta lalace, ƙara masa zare ba zai fitar da zane ba. Abin da yake bukata shi ne a ba shi sinadarin da tsokar ta kasa haɗawa. An san haka tun 1891, lokacin da George Murray na Ingila ya yi wa wata mata allurar ruwan tayirod na tunkiya, ta farfaɗo ta ƙara shekara 28 a duniya. A 1914 Edward Kendall na Amurka ya ware sinadarin shi kaɗai, daga baya aka koyi haɗa shi a masana'anta. Shi ne ƙwayar lebotairoksin da likitoci ke rubutawa a yau, kuma daidai take da abin da jiki ke yi da kansa. Ana gane ciwon ta gwajin jini mai suna TSH. Akan sha ƙwayar da safe kafin a karya kumallo da rabin sa'a ko sa'a guda, a kuma raba ta da maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi da sa'a 4, domin suna hana ta shiga jiki. Bayan mako 6 zuwa 8 a sake gwaji a daidaita awo. A Suwizalan tun 1977 ake gwada jinin kowane jariri cikin kwanakinsa na farko, don kada a makara.

Kwalaben zamani

A kantunan magani na Herisau da Toifen, da ma na sauran duniya, akwai jerin kwalabe da aka rubuta musu cewa suna taimakon tayirod ta hanyar tsirrai. Irinsu sun cika intanet, sun kuma iso kasuwannin Nijeriya. Yana da kyau a san abin da ke cikinsu.

Da yawa garin ciyawar teku ne. Aidin da ke cikin wannan ciyawa ba shi da tsayayyen awo, wata takan ɗauki ninkin abin da jiki ke bukata sau ɗaruruwa. Yawan aidin kuwa yana iya toshe tsokar ga mai cutar Hashimoto, ko ya tunzura ta ga mai tsohon maƙoƙo, kamar yadda ya faru a Janiba. A gaɓar tsibirin Hokkaido na Japan an sami masu maƙoƙo waɗanda yawan cin ciyawar teku ne ya jawo musu.

Wasu kwalaben na ɗauke da saiwar ashwaganda ta ƙasar Indiya. Wani ƙaramin bincike da aka buga a 2018, a kan mutum 50 masu ciwon da bai yi nisa ba, ya nuna gwajin jininsu ya ɗan gyaru cikin mako 8. Mutum 50 da wata biyu ba su isa a gina hukunci a kansu ba, ga shi kuma an sami rahotannin waɗanda saiwar ta taɓa musu hanta. Ƙasar Denmak ta hana sayar da ita cikin kayan ƙarin abinci a 2023.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan ban tsoro. A 2013 wasu likitoci a Amurka suka sayi iri 10 na waɗannan magunguna suka auna, suka tarar 9 daga ciki suna ƙunshe da ainihin sinadarin tayirod. Mai shan irin wannan yana shan maganin asibiti ne ba awo, yana zaton ganye yake sha, kuma zuciyarsa da ƙasusuwansa ne za su biya bashin. Babu wani tsiro da aka tabbatar yana iya maye gurbin sinadarin da tsokar ta daina yi. Haɗarin ya fi girma ga mace mai ciki da ta ajiye ƙwayarta ta koma ga kwalba, domin cikin watannin farko ɗan tayi ba shi da inda zai sami wannan sinadari sai daga jinin uwarsa.

Abin da ya shafi gida

Labarin Afenzel ba baƙo ba ne ga Nijeriya. Dattawa da yawa suna tuna lokacin da maƙoƙo ya yawaita a yankunan duwatsu da ke nesa da teku, kamar wasu sassan Filato da Binuwai. Rogon da ba a jiƙa an tsane shi sosai ba yana ƙara tsananta abin, domin yana da wani sinadari da ke hana tsokar kama aidin, kuma an ga irin haka game da gero a yankin Darfur na Sudan, inda aidin ya yi ƙaranci. A 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin cikin gishirin ci, a 2005 kuma ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka shaida ta cim ma wannan buri.

Sai dai nasara irin wannan tana bukatar tsaro. Gishirin da aka zube a faranti a kasuwa, rana na dukansa, damina na jiƙa shi, yakan rasa aidin ɗinsa. Gishirin gargajiya da ake dafawa ko haƙowa, irin su manda da ɓalma, ba a sa masa aidin. Uwargida za ta kyauta wa iyalinta in ta sayi na cikin leda mai shaidar hukuma, ta adana shi a rufe. Wannan ba kira ba ne a ƙara yawan gishiri a miya, domin hawan jini na nan yana jira. Ɗan abin da aka saba sawa ya wadatar. Wanda kuma ya ga alamun da aka lissafa a jikinsa, ya nemi gwajin jini kafin ya sayi kowace kwalba, in kuwa yana shan wani jiƙo ko tsimi, ya faɗa wa likita ba tare da jin nauyi ba.

Da yamma, in jirgin nan ja ya juyo daga Toifen yana gangarawa, matafiyi zai ga lambunan tsirrai na nan a bayan gidaje, ana yi musu ban ruwa, ana tsinkar na shayi da na mura da na ciwon ciki. Mutanen Afenzel ba su yar da gadonsu ba. Sun dai koyi inda ƙarfin ganye ya tsaya, kuma a ɗakin girkin yawancin gidajen nan akwai ɗan kwalin gishiri mai aidin kusa da murhu, irin wanda kakanninsu suka sa hannu suka roƙa a hunturun 1922. In kunne ya ji, jiki ya tsira.